Jitar Nafi'u Da Ba Ta Da Gida

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanena Nafi'u. Da kaka ya rasu, ana tsakiyar cirar gyaɗa, shi ya sa duk shekara in na ga an fara kife gyaɗa a gonakin bakin hanyar Gaya zuwa Ajingi, sai gabana ya riƙa faɗuwa tun kafin in tuna dalili. Mutanen gidana sun saba. Matata takan dube ni ta ce, "Malam, lokacin naka ya zo," ta ƙyale ni da shiruna. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, don wani abu ya taso a gidanmu da ya hana ni sukuni, kuma na ga masu karatun jarida ne ya kamata in gaya wa.

Asalinmu 'yan wani ƙauye ne kusa da Gafasa, manoma gaba da baya. Ni ne babba, na yi karatu na zama malamin firamare, Nafi'u ne ke bi na. Yana yaro ya faɗo daga kan mangwaro, hannunsa na hagu ya karye a gwiwa. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma hannun bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma da ya girma sai ya fi na dama gajarta. Bai hana shi riƙe fartanya ba. Da muka yi aure duk muka zauna a cikin Gaya, gida na kallon gida, gona kuwa tana can ƙauye wajen mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna.

Kiɗa ba gadonmu ba ne. Cin rani ya kai shi birni, ya faɗa hannun wasu masu kiɗan biki da kayan zamani, yana ɗaukar musu lasifika, a hankali har ya koyi kaɗa jitar bes. Ga wanda bai san ta ba, ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa. Ba a cika lura da ita ba in ana kiɗa, amma ita ce kake ji tana dukan ƙirjinka. Mahaifinmu ya yi fushi da farko. Da ya ga yaron bai bar sallah ba, bai bar gona ba, bai kuma koyo shaye-shaye ba, sai ya sauko, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Damuwar Nafi'u ita ce jitar bes da aka saba gani doguwa ce, wuyanta ya yi wa hannunsa nisa. Sai ya karkace jiki kafin yatsunsa su kai ƙarshe, in an tashi biki kafaɗarsa ta kwana biyu tana ciwo. Rannan a wajen masu kayan gwanjo a birni ya ci karo da wata gajeriya, irin wadda ake ƙerawa don masu gajeren hannu. Ja ce, fentinta ya ɗan kankare a gefe. Ya shigo gidana da ita yana murna kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya rataya ta, hannun nan nasa ya kai ko'ina ba tare da ya karkace ba, ya ce, "Yaya, ashe akwai wanda ya san da irina a duniya."

Abu ɗaya ne ya rage masa jin daɗi. Tsirara aka sayar masa da ita, babu jaka babu akwati. Ya zaga shagunan kayan kiɗa kaf. Akwatin doguwar bes ya yi mata yawa, in an sa ta sai ta riƙa zamewa tana bugun gefe, 'yan kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya su kwance. Na jita ta yau da kullum kuma ya yi mata kaɗan, kanta yana waje. Aka ce sai dai a yo masa oda daga ƙasar waje, kuɗin kuma ya fi na jitar kanta. Abin ya tsaya masa a rai, har ya zama hirarmu ta bayan la'asar a ƙofar gida.

Yakan ce, "Yaya, wanda ya ƙera wuƙa ai shi ya san tsawon kubenta. Don me za su ƙera abu su sake shi duniya ba riga?"

Ni kuma don in tsokane shi sai in ce, "Kai ma ka san maƙeri ba ya ɗinka kube. Aikin dukawa ne."

"Na ji. Amma maƙeri da baduku ai kasuwarsu ɗaya. Ka taɓa ganin wuƙa ta bar kasuwa tsirara?"

A nan nakan yi dariya in ce ya ci. A lokacin na ɗauka maganar ƙura ce da ruwan sama da kankarewar fenti. Ya taɓa kai wa wani tela ya ɗinka masa jaka ta yadi, ba a daɗe ba zif ya lalace, ƙasan ya ɓarke. Daga nan ya koma dabararsa. Yakan naɗe jitar da tsohon bargo saboda gargadar hanya, ya zura ta a buhun taki, ya rufa wani buhun ta wajen kai, ya ɗaure da robar tayar babur, ya saɓa a baya. In ka hango shi sai ka ga abu mai faɗi a ƙugunsa da wani siriri ya ɗago ta saman kafaɗarsa. Shekaru ya yi yana yawo da ita haka tsakanin Gaya da Kademi da ƙauyukan Ajingi, babu wanda ya taɓa cewa komai sai masu tsokana da ke tambayarsa ko gawar ɗan akuya ya ɗauko.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. An gayyace su kiɗan biki a wani gari ta wajen Ajingi, abokan kiɗansa sun yi gaba da lasifika da janareta a a-kori-kura. Babur ɗinsa yana wajen gyara, ni kuma da ma ina son in je in gaida Inna, sai na ce ya hau in sauke shi a hanya. A makonnin nan gari ya cika da maganar masu satar mutane. An ce an ga baƙi a kan babura, an ce suna ɓoye bindigogi a cikin buhu. Ban haɗu da mutum ɗaya da ya gani da idonsa ba, kowa gaya masa aka yi. Amma dawa ta yi tsayi a bakin hanya, mutane sun daina tura yara gona su kaɗai, kuma ni kaina na ji maganar na kuma maimaita ta a ɗakin malamai kamar kowa. Ko kusa ban kawo buhun da ke bayan ƙanena a cikin lissafin ba.

Muka iso wani ƙauye da kasuwarsa ke ci a bakin titi. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai yara da suka tashi a can waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Na rage gudu saboda cunkoso da awaki. Sai na ji wata murya daga gefe ta ce, "Ga su nan! Bindiga ce a bayansa!" Wallahi waiwayawa na yi in ga su wa ake nufi. Kafin in juyo wani ya finciki kan babur ɗin, muka zube ƙasa.

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kasuwa guda ta tashi ta yo kanmu, masu sanda, masu ice, masu dutse, har da wanda ya ɗauko ƙafar benci. Wasu suka danne ni suka murɗe min hannu ta baya. Ina ta ihu ina cewa jita ce, makaɗi ne, ni malamin makaranta ne a Gaya, amma ko ni ban ji muryata ba. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango Nafi'u a durƙushe. Ya kai hannu bayansa zai kwance robar ya nuna musu, wani ya ƙwala ihu, "Zai harba!" A nan aka fara dukansa. Na ga sanda ta sauka a kansa, na ga ya kife a kan buhun ya rungume shi. Har yau ban sani ba ko jitar yake karewa ko jiri ne ya kayar da shi a kanta.

Sai na ji wani yana cewa a kawo fetur. Babur ɗina yana kwance kusa da fuskata, mai yana tsiyaya daga tankinsa, warin ya cika min hanci. Na yi kalmar shahada. Abin da ya zo min a rai shi ne Inna, wadda ta ɗora mana tukunya tana jira, da wanda za a tura ya gaya mata 'ya'yanta biyu ne.

Wani mai faci ne Allah ya turo, dattijo mai rumfa a bakin titin. Ya kutso cikin taron da wuƙar da yake yankan roba, yana ture mutane da kafaɗa, yana cewa, "Ku matsa! In bindiga ce ni za ta fara ci." Ya durƙusa, ya janye Nafi'u gefe, ya datse robar, ya tsarge buhun daga sama har ƙasa, ya yaye bargon. Jar jita ta bayyana da tsirkiyoyinta huɗu, rana tana haska su. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu yana juyawa don kowa ya gani.

Gani ya kori ji. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan awaki a can ƙarshen kasuwa. Waɗanda suka danne ni suka sake ni. Wani saurayi ya ce, "Wallahi na san shi, shi ya yi kiɗa a bikin yayata." Kafin in miƙe taron ya narke. Sanduna a yashe, takalma warin-da-wari a ƙasa, kuma duk wanda ya rage a wurin cewa yake rabon faɗa ya zo yi, babu wanda ya daka. Mai facin ne ya tsayar da mota, ya taya ni ɗaukar ƙanena.

A asibiti aka ɗinke masa kai, aka ce in ciwon kai ya matsa ko ya fara amai a kai shi birni a yi hoto. Washegari ya farka da fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe, abin da ya fara tambaya shi ne jitarsa. Na ce lafiyarta lau, kunne ɗaya ne ya lanƙwashe. Ya yi murmushi da gefen baki ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Jita ɗaya na ɗauko, su kuma suka tare ni da jita-jita." Duk wanda ke ɗakin sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, na fita waje na zauna a kan dakali ni kaɗai.

Ya dawo gida, ya warware a ido, har ya je biki ɗaya ko biyu. Kaka ta kama, aiki ya yi yawa. Matarsa Rakiya ta gaya mana daga baya cewa da safe yakan zauna a bakin gado ya riƙe kai da hannu biyu, in ta yi magana ya ce rana ce ta jiya, a bari a gama gyaɗa. Wata safiya yana cikin cira a gonarmu ya dafa ƙasa, ya ce wa wanda ke kusa da shi yana ganin abu biyu-biyu. A hanyar birni ya cika, kansa a cinyata. Likita ya ce jini ne ya daɗe yana taruwa a cikin kan.

Dattawan ƙauyen nan sun zo ta'aziyya, suka zauna kai a sunkuye. Ba a kama sunan kowa ba, don duka na taro ba shi da uba. Inna ta aiko daga cikin gida cewa ajali ne, ta bar wa Allah. Mai facin ma ya zo, ya zauna a ƙarshen tabarma, aka kawo abinci bai ci ba.

Tun daga nan nakan tambayi kaina me Nafi'u zai ce da zai leƙo ya ga yau. Ta fannin sana'arsa na san zai yi tsaki. Yawancin bukukuwa yanzu yaro ɗaya ne da kwamfuta da lasifika, ko mai fiyano da ke fitar da muryar ganga da ta bes duk da yatsa biyu. Abokan kiɗansa sun watse, ɗaya yana tuƙa adaidaita-sahu, ɗaya yana sayar da taki. Da zai ce kiɗan ya zama tuwon da ba miya, sannan ya je ya zauna kusa da yaron ya ga yadda ake yi, don shi mutum ne mai son sanin abu.

Amma ɗaya fannin ne ke hana ni barci. Da can akan ce tsoro na daji, kunya na gida. Yanzu tsoron ya baro daji ya shigo gida, ya shiga aljihun kowa. A wancan lokacin sai magana ta bi baki da baki kafin ta isa kasuwa. Yau saƙon murya ɗaya a waya ya isa ya tayar da ƙauyuka goma kafin a idar da sallar azahar, kuma babu mai tambayar wa ya fara faɗa. Bakin garuruwa da dama akwai 'yan sintiri da igiya a gicciye. Ban ga laifinsu ba, don abin da ake tsoro ba tatsuniya ba ce, an ɗauki mutane a wasu wurare, an raba iyali da abin da suka tara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Sai dai ƙanena ne tsumman a ranar, kuma na san gobe wani ne. Na ga hotunan da ake turawa na irin wannan taro a wasu garuruwa, mutum a ƙasa, hannuwa ashirin a sama riƙe da waya suna ɗauka. Nakan duba in ga ko akwai mai wuƙar yankan roba a cikinsu. Sau da yawa babu.

Ni kaina ban koma daidai ba. In yara suka tashi da ihu a filin makaranta sai in fito da gudu in duba. Ba na bin hanyar da kasuwa ke ci a bakin titi in da wata. Na taɓa sayo ƙotar gatari a Gaya, mai sayarwa zai naɗe min a buhu, na ce a'a, na riƙo ta a fili har gida kowa yana gani.

To ga abin da ya taso. Nafi'u ya bar ɗa namiji, Kamalu, yana firamare lokacin rasuwar, a hannuna ya ƙarasa girma. Yanzu saurayi ne, ya gama sakandare, yana gyaran waya a bakin kasuwa. Jitar tana ɗakin Rakiya duk shekarun nan, a saman sif, cikin bargon nan dai. Ashe yaron ya daɗe da sauko da ita. Ya gyara kunnen da ya lanƙwashe, ya sayo sababbin tsirkiyoyi, yana koyo daga bidiyon waya in uwarsa ta fita unguwa. Hannunsa lafiyayye ne, doguwa ma zai iya kaɗawa, amma ya ce wannan yake so. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da damina ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce wasu samari masu waƙa sun ɗauke shi, za su fara zuwa bukukuwa, yana neman izini.

Na ce, "Da wace jitar?"

Ya ce, "Ta Baba."

"A kan me za ka ɗauke ta?"

"A babur, Baffa."

Na ce ban yarda ba, na tashi na shige gida. Kwana da kwanaki ba na amsa masa magana sai gaisuwa. Rakiya ce ta zo ta same ni, ta zauna daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ni na wanke rigar da aka dawo da shi a ciki, ba wanda zai koya min tsoron hanyar nan. Amma in muka hana shi a fili zai tafi a ɓoye, a cikin buhu. Gara ya tafi muna gani." Na ce to, da sharaɗi ɗaya, jitar ba za ta ƙara fita ba sai da gidanta.

Muka shiga birni ni da shi neman akwati. Shekara takwas, kuma amsar ba ta canza ba. Na doguwa akwai iri-iri, na gajeriya babu. Na tambayi wani mai shago, mutum mai haƙuri, don me masu ƙera ta ba sa haɗo ta da gidanta. Ya ce wasu kamfanonin suna yi, amma a masu tsada. Masu araha kuwa in aka haɗa da akwati kuɗin zai tashi, wanda ke iya saye ya kasa, kuma masu sayen gajeriyar ba su da yawan da za a cika shago da akwatinta. Maganarsa tana kan hanya, ban musa ba. Ban kuma taɓa ɗora jinin ƙanena a kan wani maƙeri da ke can ƙetaren teku ba, ba shi ya ɗaga sanda ba. Amma na koma bayan Nafi'u a gardamarmu. Wanda ya yi tunanin mai gajeren hannu har ya rage wa jita wuya, ya ƙarasa alherinsa mana. Ko jaka ce mara tsada, mai siffar abin da ke ciki, a ɗinka ta daidai da ita a sa a kwali ɗaya. Shi yana ganin kayansa za su zauna a ɗaki mai sanyi ne. Bai san za su hau bayan babur su ratsa kasuwar da mutanenta suka kwana ba barci ba.

A hanyar dawowa Kamalu ya faɗi maganar da ta ƙara tsinka min zuciya. Ya ce, "Baffa, ko mun samu ma, baƙin akwati ne dogo. A finafinai ai a irinsa ake sa bindiga." Gaskiya ya faɗa.

Daga ƙarshe wajen wani baduku muka je, tsoho mai ɗinkin sirdi da jakunkuna. Na sa ya kwantar da jitar a kan takardar siminti ya zana ta, ƙugu da wuya da kai, ya yanka fata a kan zanen, ya sa soso a ciki. Na ce ja nake so, jan da za a hango daga nesa. Na kuma kai wa mai fenti ya zana hoton jita babba a bayanta, ya rubuta JITA da manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Kamalu ya ga abin ya rufe fuska, ya ce abokansa za su yi masa dariya har shekara. Na ce su yi, dariya ba ta fasa kai.

Ya fara fita da ita watan jiya. Ranar ban iya cin abinci ba. Na zauna a ƙofar gida da waya a hannu, duk babur ɗin da ya shigo layi sai na miƙe. Rakiya ma na hango ta tana leƙowa ta zaure tana komawa. Da ya dawo kafin magariba ya ce lafiya lau, sau ɗaya 'yan sintiri suka tsayar da shi, ya buɗe musu, har ɗaya ya ce ya ɗan kaɗa ya ji. Yana ba da labarin yana dariya. Ni abin da na ji kawai shi ne an tsayar da shi.

In na auna abin da ya rage na Nafi'u, ba shi da yawa a ido. Babu faifan da ke ɗauke da sunansa, don mai kaɗa bes a baya yake tsayawa, mawaƙi ake sani. Akwai matan da suka yi rawa a bikinsu da kiɗansa, yanzu suna aurar da nasu 'ya'yan, ba su san ko wane ne ba. Akwai gonar gyaɗa da muke nomawa har yau. Akwai mai facin nan, ya tsufa, ido ya yi rauni, duk sallah nakan aika masa da abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya aiko da cewa yana sa marigayi a addu'a. Sai yaron nan, wanda in ya sunkuyar da kai yana kaɗawa yakan ɗan karkace kafaɗar hagu, alhali babu abin da ya sami hannunsa. A wajen ubansa ya gani yana ƙarami, tun zamanin doguwar jitar, jiki ya riƙe. Allah ya jiƙan Nafi'u, ya sa wahalar ranar nan ta zame masa kaffara, ya yafe wa waɗanda tsoro ya rufe wa ido, mu kuma ya kare mu daga zama cikinsu.

Kaka ta kama, bukukuwa za su yi yawa, Kamalu zai riƙa bin hanyoyin nan kusan kowane mako, ni kuma ba zan iya bin sa ko'ina ba. Shi ya sa na rubuto. Jama'ar Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakani, masu kasuwa da masu sintiri da masu zama a bakin titi, in kun ga wani siririn saurayi a kan babur da jar jakar fata a bayansa, wuyanta ya ɗago ta saman kafaɗarsa, jita ce. In ba ku yarda ba ku tsayar da shi, zai buɗe muku, na hore shi kada ya kai hannu baya sai an ce ya kai. Maraya ne, uwarsa tana jiransa. Don Allah ku bar shi ya wuce.